Adakar da Ba a Kifa Ba

Yayana ejan ne a ƙofar kwastan, cikin masu fitar wa 'yan kasuwa kayansu idan sun iso daga waje. Ni kuma tela ce, shagona yana kallon babban get ɗin, titi ne kawai tsakaninmu. Rabin wandunan kakin da ke yawo a wannan harabar ni na rage musu tsawo ko na buɗa musu ƙugu, domin jami'in kwastan siriri yake shiga aiki, bayan 'yan shekaru sai a kawo mini wando a ce wai wanki ne ya tsuke shi. Saboda haka abin da zan faɗa a kan Yaya ba a bakin wani na tsinta ba. Ina zaune ina taka keken ɗinki rayuwarsa ta bi ta gabana, kuma akwai wurin da har yau in na tuna sai na ji kunya ta rufe ni kamar ni na aikata.

Tun daga 'yan dako har manyan jami'ai ba wanda ke kiransa da sunansa. Kifa-Mu-Gani suke ce masa, yana kuma amsawa har da gyara hula.

Ga yadda sunan ya samo asali. Kwastan suna da wani ƙaton littafi, duk abin da ɗan Adam ya ƙera yana da layinsa da lambarsa a ciki, kuma layin da kaya suka faɗa shi ke nuna kuɗin fiton da za a biya. Aikin ejan ya faɗi layin, aikin jami'i ya yarda ko ya ƙi. Wasu ejan takardar kaya kawai suke karantawa su rubuta lamba. Yaya kuwa sai an buɗe kaya ya gani, in ya gani kuma bai gamsu ba sai ya ce wa 'yan dako, "Kifa mu gani." A wurinsa takarda tana iya ƙarya, fuskar kaya ma tana iya ƙarya, amma ba mai ɓata lokacinsa ya yi wa ƙasan abu kwalliya. Tukunya ce, kujera ce, injin niƙa ne, sai an kifa. Jami'ai da yawa sun sha tsallako titi su same shi a bencin shagona da wani abu a hannu suna tambaya, shi kuma ya cire tabarau ya hura musu iska ya goge, ya daɗe yana gogewa don a san ana jiransa.

Da a wurin aiki abin ya tsaya da sauƙi. Mun taɓa zuwa gaisuwa gidan surukan ƙaninmu, aka kawo mana ruwa a wani faranti mai kyau. Kafin in ankara Yaya ya sauke kofuna ya kifa farantin mutane yana karanta ƙasansa, har yana gaya wa mai gidan cewa ba ƙarfen da aka ce masa ba ne. Ranar na taka masa ƙafa har sai da ya yi ƙara. A hanya na yi ta masifa, shi kuwa ko a jikinsa, wai taimakon mutumin ya yi.

'Ya ɗaya Allah ya ba shi. Sunan mahaifiyarmu aka sa mata, muna ce mata Mama Ƙarama, da ta girma ta koma Ƙarama kawai, shi kaɗai ke ce mata Mamana. Uwarta ta rasu tana rarrafe, don haka tsakanin shagona da ɗakin Yaya ta tashi. Kuma ta kwaso cutarsa kaf. Takalmi a kasuwa, kwano a gidan maƙwabta, kyanwar da ke kwana a ƙarƙashin kekena, ba wanda ya tsira. Abu ɗaya na lura da shi: duk abin da ya fito daga hannun ubanta ba ta kifa shi. Ya ba ta jakar makaranta, ta rataya ta wuce. Na tambaye ta wata rana, na ce ke da ba ki ƙyale kowa ba, me ya sa na Baba ba kya dubawa? Ta kalle ni kamar na yi tambayar wauta.

"Gwaggo, abin da ya fito daga hannun Baba ai an riga an kifa shi."

A ɗakin Yaya akwai tsohuwar adakar katako ta mahaifiyarmu, wadda take zuba tufafi. Da ita ya fara koya wa yarinyar aiki, ina nan zaune ina yi mata kitso.

"Mamana, wannan mene ne?"

"Akwati."

"Kifa mu gani."

Suka kama tare suka kifa. Ga 'yan gajerun ƙafafu a kowace kusurwa.

"Kin gani? Akwatin dako, wanda ake zuba kaya a yi tafiya da su a yar da shi, ba a yi masa ƙafa. Abin da aka yi wa ƙafa an yi shi ne ya tsaya a ɗaki. Wannan kayan ɗaki ne, layinsu ɗaya da gado da durowa."

"In an cire ƙafar fa?"

"Ni yanzu in aka cire mini ƙafa, na daina zama babanki?"

Ta yi dariya har kitson ya kufce mini. Wannan maganar ta zauna a kaina, ban san zan zo in tsane ta ba.

Ƙarama ta yi karatu ta shiga aikin kwastan, ba a jima ba aka kai ta ɗakin tantance kaya, inda ake yanke hukuncin layin da kowane abu ya faɗa. Ni na ɗinka mata kakinta na farko. Ranar da ta sa shi Yaya ya bi layin shaguna yana gaisawa da mutanen da ya yi shekaru bai kula su ba, kowa sai ya nuna masa ta da haɓa. Doka ta hana ta taɓa kayan da ubanta ya shigar, shi ma yana alfahari da wannan. In sun haɗu a cikin haraba sai ya ƙame ya ce, "Ranki ya daɗe," ita kuma ta danne dariya ta wuce.

Sai zamani ya juya. Aka kawo kwamfuta, aka daina bin ofis-ofis da fayil a hammata. Samarin ejan suka cika wurin, kowa da waya a kunne, su shigar da kaya tun jirgi bai iso ba, ba su taɓa ganin abin da idonsu ba. Yaya ya koyi kwamfutar, kada in yi masa sharri, amma da yatsa ɗaya yake dannawa kamar mai kashe kiyashi. 'Yan kasuwa ba sa son jira, ba sa kuma son ejan da zai kifa musu kaya ya gano abin da zai ƙara musu fito. Ɗaya bayan ɗaya suka zare jiki. Ba wai ya rasa na abinci ba ne, a'a, Ƙarama ba ta bar shi ya nemi komai ba. Abin da ke cinsa shi ne a wuni ba a tsallako titi an tambaye shi komai ba. Ya zauna a bencina tun safe, ya goge tabarau, ya sake gogewa, ba mai jira.

Babban ɗan kasuwa ɗaya ne ya rage masa, wanda muke ce wa Mai Barguna, don barguna yake shigowa da su tun ina budurwa. Mutum ne mai fara'a da yawan kyauta, irin wanda in ya gaishe ka sai ka duba aljihunka. Wata rana da hantsi ya zo ya zauna kusa da Yaya ya nuna masa hoto a waya. Adakun katako ne na zuba tufafi, masu murfi, ya ce matan gari sun fara so, zai yi odar kwantena guda.

"Kayan ɗaki ne," in ji Yaya. "Fitonsu da nauyi, ka shirya."

"To ai shi ya sa na zo. Yaran nan, samarin ejan, sun ce in na cika su da barguna, sai a rubuta barguna ne a cikin akwatunan dako. Akwatin dako kuwa ka fi ni sani."

"Suna da ƙafa."

"In babu ƙafar fa?"

Na rage gudun keke. Yaya ya juya yana kallon get. Mai Barguna ya mayar da wayarsa aljihu, ya yi ajiyar zuciya kamar wanda aka yi wa rasuwa.

"Ni dama na gaya musu ba za ka iya ba. Suka ce ai Baba ya tsufa, aikin yanzu ya wuce shi. Na ce a'a, bari dai in ji daga bakinsa, don mun daɗe tare."

Da cewa ya yi zai ba shi kuɗi, na rantse da Yaya ya kore shi. Amma ya san inda zai taɓa. Na ga wuyan Yaya ya miƙe.

"Yaran nan me suka sani?" in ji shi. "Za su ce a kwance ƙafa a bar huji a buɗe, kowane makaho ya kifa ya gani. Su kuma zuba ƙafafun a kwali a cikin kwantena ɗaya. Wannan aiki ne? Wanda ya san abin da yake yi, tun a masana'anta zai sa a kwaɓa garin katako da gam a cike hujin, a goge ya yi sumul. Ƙafafun kuma su biyo wani jirgin daban. A cire fenti, a naɗe su da buhu. In aka yi haka sai mai ido sosai."

Ya faɗe shi ne da irin muryar da yake koya wa Ƙarama aiki, yana ɗaga yatsa, yana jin daɗin an kasa kunne. Mai Barguna ya yi ta jinjina kai yana cewa, "Ka ji manya." Da ya tafi na tsayar da keke.

"Yaya, me ka yi yanzu?"

"Me na yi? Hira muke."

"Hira? Ka zauna ka ɗinka wa mutum rigar sata, har da aljihu, ka ce hira?"

"Ke dai taka kekenki. Nuna masa na yi yaran nan ba su iya ba."

Watanni suka wuce, na ɗauka maganar ta bi ruwa. Ashe kaya suna hanya, kuma da suka iso sunan Yaya ne a kansu. Daga baya ya ce mini ya so ya ƙi, sai ya ga in ya ƙi kamar ya tabbatar da maganar yaran ne. Ka ji dalilin dattijo mai furfura.

Ranar duba kayan na shiga haraba kai wa wani jami'i wandunansa. A babbar rumfar da ake baje kaya na tarar da su. An jera adakun a ƙasa, an yaye buhun wasu, murfi a buɗe, barguna cike. Ƙamshin katakon ya cika rumfar, irin katakon da asu ba ya kusanta. Jami'in da ke dubawa sabo ne, wani dogo mai yawan shiru, a hannun Ƙarama ya koyi aiki. Dogo ya daɗe yana shafa gefen ɗaya daga ciki. Ya buɗe murfi ya rufe, ya ji yadda yake sauka a hankali ba ƙara. Ya dubi takarda, ya dubi Yaya.

"Baba, akwatin dako ne wannan? Ya yi kyau da yawa."

"Haka aka rubuta," in ji Yaya.

Ban taɓa jin wannan magana a bakinsa ba. Shi da ke cewa takarda maƙaryaciya ce.

Dogo ya yafito 'yan dako ya ce su kwashe bargunan guda ɗaya su kifa masa. Suka kwashe da dariya.

"Oga, kayan Kifa-Mu-Gani za ka kifa? Ai mu tun kana makaranta muke kifa masa."

Dogo ya ɗan ji nauyi, amma bai janye ba. Ana cikin haka sai ga Ƙarama ta biyo ta rumfar za ta wuce ofis. Ya kira ta, ya ce don Allah ta duba masa wani abu. Ta matso, ta hango ubanta, nan take ta ja baya ta mayar da hannuwanta baya.

"Ba na taɓa kayan wannan ejan, mahaifina ne."

"Na sani, ranki ya daɗe. Shakka kawai nake. Ya ce na dako ne, ba ƙafa."

Da nan ta tsaya ta wuce, da shi ke nan. Amma ga 'yan dako suna kallo, ga ubanta a tsaye, kuma ta san irin zaman da yake yi a bencina kwanakin nan. Ta so ta ɗaga shi a gaban mutane. Ta yi murmushi ta ce:

"Aikinka ne, ka yi yadda ka ga dama. Ni dai abin da na koya maka, a wurinsa na koya. Tun da nake ban taɓa kifa abin da ya fito daga hannunsa ba."

Ta wuce. 'Yan dako suka yi shewa. Dogo ya sosa ƙeya, ya ce a rufe, ya sa hannu.

Ni idona yana kan Yaya. Ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga. Na ce a raina, yanzu zai yi magana. Kalma uku ce, ya faɗe ta sau dubu a wannan rumfar. Ya buɗe baki, ya yi tari, ya mayar da tabarau. Na tsaya rungume da wandunan mutane, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Ban taɓa jin kunyar zama ƙanwarsa ba sai ranar.

Kaya suka fita. Yaya bai zo bencina ba kwana da kwanaki, ya ce mura ce.

Mai Barguna kuwa, da yake ba ya manta alheri, ƙafafu suna isowa ya sa kafinta ya ɗaura, ya aika wa Yaya adaka guda har gida. Yaya bai bari ta wuni a ɗakinsa ba. Ya sa aka ɗauko ta a mota aka shigar da ita ɗakin baya na shagona, inda nake ajiye yadin mutane.

"Ki zuba yadi a ciki," ya ce, bai kalle ni ba.

"Kai ba ka iya kwana da ita, ni ce zan iya wuni da ita?"

"Don Allah, ki rufa mini asiri."

Yayana ne, shi ya saya mini kekena na farko. Kuma adakar ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Na zuba yadi na rufe.

Bayan 'yan makonni Ƙarama ta tsallako da siket ɗin kakinta in rage mata. Na ce ta shiga ɗakin baya ta gwada, na manta shaf da abin da ke ciki. Na ji shiru ya yi yawa, na leƙa. Tana tsaye tana shaƙar iska. Ƙamshin ta fara ganewa. Ta kwashe yadin ta ɗora a kan tebur, ta kama gefe ɗaya ta kifa.

Kowace kusurwa da ƙafarta, sabuwa fil. Kusa da kowace ƙafa kuma ga wani ɗan zagaye kamar kwabo, launinsa ya ɗan saɓa da na katakon. Gam ɗin ya bushe ya yi tauri, kafintan Mai Barguna ya kasa huda wurin, sai ya matsa gefe ya yi sabon huji. Aikin da Yaya ya tsara ya yi kyau har ya tona kansa.

Ta durƙusa ta bi zagayen da ɗan yatsa, ɗaya bayan ɗaya.

"Gwaggo, ina kika samu wannan?"

Na yi ta neman ƙarya ban samu wadda za ta zauna ba.

"Babanki ne ya kawo."

"Ya san da wannan?" Ta nuna zagayen.

Na kawar da kai. Ta daɗe tana kallona.

"Shi ya ce a yi," ta faɗa a hankali. Ba tambaya take ba. "Yaran nan ba su iya wannan ba."

Ta tayar da adakar, ta mayar da yadin, har tana ninke waɗanda ni ban ninke da kyau ba. Ta fita ta bar siket ɗin a kan kujera.

Washegari ta shiga wurin ogansu da ƙafarta. Abin da na ji shi ne ta ce ta ba da shaida a kan kayan da ba ta gani ba, kuma sabon jami'i ya sa hannu ne saboda maganarta, don haka kada a taɓa shi. Aka bi kaya, aka sa Mai Barguna ya cika abin da ya rage da tara a kai. Ya biya, ya koma wurin yaran, har yau in ya wuce yana ɗaga mini hannu da fara'arsa. Yaya bai jira a kira shi ba, ya kai lasisinsa ya ajiye. Ita kuma aka cire ta daga ɗakin tantance kaya aka kawo ta get, tana karɓar takardun manyan motoci a rana tana ɗaga musu ƙarfen tare hanya.

Get ɗin da ke kallon shagona.

Da wani gari aka tura ta da ya fi masa sauƙi. Ranar farko da ya dawo bencina ya zauna, ya ɗaga kai, ga ta can a tsaye, hula a kai, hayaƙin mota yana dukanta, wani direba yana yi mata tsawa. Ya tashi ya shige ɗakin baya. Tun daga ranar, a can yake zama, bayansa ga titi. Na ba shi aikin sa maɓalli don kada zaman ya kashe shi, yana yi, duk da rabinsu sai na warware. In tsofaffin 'yan dako suka leƙo suka ce, "Ina Kifa-Mu-Gani?" sai ya yi mini alama da hannu in ce ba ya nan.

Abin da ya fi ƙona shi, ba ta taɓa ce masa komai ba. Kullum in ta tashi aiki sai ta tsallako ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi ƙafarsa, ta ajiye masa magani. Ya ce mini da za ta zage shi da ya samu sauƙi. Na ce ai kai ka yi mata tarbiyya, ba za ta zage ka ba, sai ka haƙura ka sha. Sau ɗaya ya yi ƙoƙari a gabana.

"Mamana, maganar adakun nan..."

"Baba, ka sha na rana kuwa? Na ga kwalbar ba ta ragu ba."

Ya ce ya sha. Bai sha ba.

Haka muka yi ta tafiya har Ƙarama ta kama wani ɗan gida kusa da wurin aiki, ta ce za ta koma. Yaya ya shiga damuwa, wai dole ya ba ta wani abu na ɗaki. Ya ƙi yarda in raka shi. Ya yi wuni guda a layin kafintoci, na kuma san wahalar da ya ba su, don daga baya ɗaya ya ce mini tsohon nan sai da ya kifa duk abin da ke rumfarsa. Ya dawo da wata 'yar kujerar katako ta zaman kicin, mai ƙafa uku, ba fenti ba ado. Ya goge ta da hannun rigarsa ya ajiye kusa da shi, yana ta kallon agogo.

Da la'asar Ƙarama ta tsallako kamar kullum. Ta gaishe shi. Ya ɗauko kujerar da hannu biyu ya miƙa mata.

"Ga wannan, Mamana. Ko za ki riƙa zama in kina girki."

"Kai, Baba! Na gode, Allah ya ƙara girma." Ta karɓa da hannu biyu, fuskarta ta washe, na daɗe ban ga haka ba. Ta juyo wurina tana cewa, "Gwaggo, labulen nan fa, kin ce jibi, kada ki yi mini irin ta teloli."

Tana magana da ni, idonta a kaina, hannuwanta kuwa suna nasu aikin. Na ga kujerar ta juya, ƙafafu sun kalli sama, babban yatsanta ya fara bin gindin ƙafar farko.

Ta ga fuskata ta canja, ta dubi hannunta. Da sauri ta mayar da kujerar daidai ta rungume ta a ƙirji.

"Baba, yi haƙuri. Wallahi ban sani ba, sabo ne."

Mu duka ukun mun san ba sabo ba ne. Jakar makaranta, takalmi, agogon da ya ba ta ranar da ta fara aiki, ba ɗaya da ta taɓa juyawa.

Yaya ya kai hannu zai cire tabarau, ya fasa. Ya sunkuyar da kai yana kallon maɓallan da ke cinyarsa.

"A'a, Mamana," ya ce. "Kifa. Duba da kyau."

"Baba..."

"Duba mana."

Na ɗauka za ta ƙi. Ta tsaya hawaye yana zubo mata a kan kakin da na ɗinka, sannan ta juya kujerar, ta bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya har ta gama. Ba huji, ba gam, ba komai.

"Lafiya ƙalau take," ta ce.

"To," in ji shi. Ya ɗauki allura yana neman ramin maɓalli, ya kasa samu.